Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Duk wanda ya ji ni mutumin Dogon Daji ne, kuma abin da ya fi ɗauke mini hankali cikin karatuna shi ne ciwon daji, sai ya yi murmushi ya ce ashe gida na koma. Nakan bar su su yi dariyarsu, domin ba su san abin da ya kai ni ba. Abin da ya kai ni kuwa gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni ina yaro, Allah ya jiƙanta. Saboda ita na roƙi Edita ya ba ni fili in yi magana a kan abin da kunya ta hana mu ambata a zaure, watau sankarar mama.

Ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ta ji wani ɗan ƙululu kamar ƙwayar gurjiya a mamanta na hagu. Ba ya yi mata zafi, don haka ba ta gaya wa kowa ba har damina biyu suka wuce. Da abin ya girma aka kira wani mai magani, ya duba ya ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, ranar da allura ta taɓa shi ranar zai fusata. Aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, aka sayar da tumaki biyu. Waɗansu suka ce sammu ne, suka fara hararar abokiyar zamanta, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Lokacin da aka yarda a kai ta asibiti ƙarin ya riga ya fashe, hamatarta ta kumbura. Wata rana na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kai da kake boko, wai wannan abu daga ina ya fito mini?" Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, Allah ya ba ki lafiya." Iyakar amsar da nake da ita ke nan. Bayan wata biyar ta rasu, ba ta cika shekara 45 ba.

Abin bai tsaya nan ba. Wani ɗan boko ɗan'uwanmu da ke neman babbar 'yarta ya janye jiki, wai ya karanta cewa ciwon gado ne, yana bin jini. To, ka ga an yi wa gida ɗaya hukunci biyu: mai magani ya ce kada a taɓa, mai ilmi ya ce a guje. Ina ganin duka biyun kuskure ne, kuma na ɗan boko ya fi muni, domin shi yana da hanyar da zai bi ya sani.

Kowa ya zauna gaban malam da allo ya san babbaƙu ake fara koya, sa'an nan farfaru. Ɗauki baƙaƙe biyu, g da d, ka rubuta su da ajami ba tare da wasali ba. Mai karatu ba zai san ko gida kake nufi ba, ko gada, ko guda, ko gudu, sai ka ɗora wasali bisa, ko ƙasa, ko rufu'a. Baƙi yana nan yadda yake, amma magana ta canja. Jikin ɗan Adam ma haka yake. An gina shi da ƙananan tantani waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma cikin kusan kowane tantani akwai zaren da ake kira DNA, wanda in an miƙe shi zai kai mita biyu. An rubuta shi da baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T, kofi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kowanne da baƙaƙe kimanin miliyan dubu uku. Cikin wannan rubutu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowacce umurni ce ta yadda za a ƙera wani abu. Tantanin ido da na hanta da na mama duk littafi ɗaya ne a hannunsu. To, me ya sa mama ke ba da nono, hanta ba ta bayarwa? Domin kowanne da shafin da aka buɗe masa da wanda aka rufe masa. Ilmin wannan buɗewa da rufewa shi ake kira efijenetik. Ni dai farfarun gado nake ce masa.

Wani masani na Ingila, Conrad Waddington, shi ya raɗa sunan a 1942, tun ba a san siffar DNA ba. A 1975, shekarar da aka kafa wannan jami'a tamu a Sakkwato, Robin Holliday da John Pugh a Ingila, da Arthur Riggs a Amurka, suka kawo bayanin cewa wata 'yar alama ce ke yin aikin. Ana kiranta metil, kuma takan manne wa baƙin C a inda G ya biyo bayansa. In irin waɗannan alamu suka taru a bakin ƙofar wata ƙwayar gado, sai ta yi shiru, tantani ya daina karanta ta. A cikin alamomin da muka koya a makarantar allo, wadda ta fi kama da ita ita ce ɗauri. Abin mamaki kuma, in tantani ya rabu biyu akwai sinadarin da ke bi yana kwafe ɗaurin, har 'ya'ya da jikokin tantanin nan su tashi da shirun da kakansu ya yi. Akwai hanya ta biyu. Zaren nan ba a sake yake ba, an naɗe shi a jikin waɗansu 'yan dunƙulallun abubuwa da ake kira histon, kamar yadda tsohuwa ke naɗe zare a mazari. Inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karatu, inda ya yi sako-sako ana iyawa, kuma akwai sinadaran da aikinsu ke nan, waɗansu su tsananta waɗansu su sassauta.

Masu kiwon zuma za su gane wannan da sauri. Sarauniyar zuma da ma'aikaciyarta daga irin ƙwai ɗaya suke fitowa, abincin da aka ba tsutsar shi ke raba su. A 2008 masana a Ostireliya suka hana sinadarin da ke ɗora metil aiki a jikin tsutsotsin zuma, sai mafi yawansu suka tashi da siffar sarauniya.

Yanzu mu koma ga tambayar gwaggona. Ciwon daji tantani ne na jikin mutum da kansa wanda ya ƙi bin doka, yana ta rabuwa ba tsayawa, har ya tara ƙari, daga baya ya bi jini da hanyoyin ruwan jiki ya kafa sansani a hamata, ko ƙashi, ko huhu, ko hanta. A cikin ƙwayoyin gadon nan akwai masu cewa tantani ya hayayyafa, akwai masu tsawata masa ya tsaya, akwai kuma masu gyaran rubutun in ya lalace. Da farko masana sun fi mai da hankali ga kuskuren baƙi, watau inda rubutun kansa ya gurɓata. Amma a 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka nuna cewa tantanin daji ya zubar da alamun metil da yawa waɗanda lafiyayyen tantani ke da su. A 1989 kuma masana a Jamus suka ga kishiyar haka cikin wani ciwon daji na idon yara: ƙwayar gadon da ke tsawatarwa tana nan, amma an ɗaure ta. Ashe ɓarnar ta fuska biyu ce, a kwance abin da ya kamata ya zauna ɗaure, a ɗaure wanda ya kamata ya yi magana.

A sankarar mama misalin da ya fi fitowa fili shi ne ƙwayar gadon da ake kira BRCA1. Mary-Claire King ta gano mazauninta a 1990, aka kuma karanta baƙaƙenta a 1994. Aikinta ɗinke zaren DNA in ya tsinke. Macen da ta gaji gurɓatacciyar BRCA1, hatsarin kamuwarta kafin ta cika shekara 80 ya kai wajen kashi 70 cikin ɗari, wannan gaskiya ne, ban ɓoye ba. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun mata waɗanda BRCA1 ɗinsu lafiya lau take, ba baƙi ɗaya da ya kauce, sai dai a cikin ƙarin an ɗora mata ɗauri ta yi shiru. Ana samun haka a kimanin ɗaya cikin goma na sankarar mama da ba ta gado ba. Irin wannan ɗauri galibi a cikin mama ya faru, cikin rayuwar mai shi, ba shi ne take miƙa wa 'ya'yanta ba.

Kada wani ya ce duk wannan labarin Turawa ne. Wata likita 'yar ƙasar nan, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago, ta fara binciken matan Nijeriya masu wannan ciwo a Badun tun 1998. A 2018 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin mata 1,136, suka sami kashi 14.7 cikin ɗari suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado da suka gada, mafi yawa BRCA1 da BRCA2. Adadin ya fi abin da aka saba gani a Turai, don haka gidan da aka ga ciwon ya maimaitu ya kamata 'ya'yansa su riƙa zuwa ana duba su da wuri. Amma a juya lissafin a gani: cikin kowane mata bakwai, wajen shida ba a sami wannan gado tare da su ba. Ko uwa tana ɗauke da shi ma, rabi da rabi ne 'yarta ta gada. Har wa yau uba yana miƙa shi kamar yadda uwa ke miƙawa, kuma kusan ɗaya cikin ɗari na masu sankarar mama maza ne. Saurayin nan da ya gudu, wa ya gwada nasa jinin?

Akwai wani wuri da farfarun nan suka taɓa magani kai tsaye, kuma a nan nake so ma'aikatanmu na lafiya su saurara. A 1895 wani likita a Gilasgo, George Beatson, wanda ya daɗe yana nazarin yadda tumaki da shanu ke kawo nono, ya cire wa wata mai sankarar mama gidan ƙwanta, sai ƙarin ya ja da baya. Daga baya aka gane dalili: yawancin irin wannan ƙari sinadarin mata, istirojin, ke ciyar da shi, ta wata ƙofa da tantanin ke da ita. Maganin nan tamoksifen, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1973, ƙofar nan yake toshewa. Ƙwaya ce ta haɗiya, mai sauƙin kuɗi, ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma akwai ƙarin da ba shi da ƙofar sam, kuma a 1994 aka nuna cewa a waɗansu irinsa ɗaurin metil ne ya rufe ƙwayar gadon da ke ƙera ta. Mai irin wannan ƙari ko ta shekara biyar tana shan tamoksifen, zuba ruwa ne a kwando. Ba a rarrabe su da ido, sai an yanki ɗan tsokar ƙarin an gwada. Binciken da aka buga a 2009 a kan matan Nijeriya da Sanigal ya sami mafi yawansu ba su da ƙofar, akasin matan Turai. Sai dai masana sun yi gardama a kai, domin tsokar da aka bari ta daɗe kafin a sa ta cikin ruwan fomalin takan nuna babu ƙofa alhali akwai. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin sa'a ɗaya da yankewa, ta zauna tsakanin sa'a 6 zuwa 72. Dubi yadda kwalbar ruwan magani da agogo za su iya yanke wa mace hukuncin irin maganin da za ta sha.

Da mutum ya ji cewa ɗauri ne, nan da nan zai ce to a kwance mana. Masana ma haka suka yi fata, kuma a nan ya kamata mu yi hattara. A Amurka an amince da maganin azasitidin a 2004, wanda ke hana ɗora metil, amma don wata cutar ɓargo. A sankarar mama tafiyar hawainiya ake yi. Ƙasar Sin ta amince da wani magani mai sassauta naɗin histon a 2019, bayan gwaji a kan mata 365 ya nuna ya jinkirta ci gaban ciwon daga wata 3.8 zuwa wata 7.4. Wani ɗan'uwansa da aka gwada a kan marasa lafiya 608 ƙarƙashin jagorancin likitocin Amurka, a 2020 aka bayyana bai ƙara musu kwana ba. To, in manyan ɗakunan bincike na duniya nan suka tsaya, me za mu ce da masu tallar garin magani a wayar hannu, waɗanda yanzu suka koyi cewa ganyensu yana gyara ƙwayoyin gado? Wannan mai maganin gwaggona ne ya sa kwat.

Gaskiya ne abinci da yanayin zama suna barin alama a farfarun nan. A ƙauyukan yankin Keneba na ƙasar Gambiya, inda damina ke zuwa da ƙarancin abinci kamar yadda muka sani a nan kafin sabon gero ya nuna, bincike na 2010 da na 2014 ya nuna yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamun metil ɗinsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauka da rani. Wannan bincike ba a kan ciwon daji aka yi shi ba, kada a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Abin da aka tabbatar yana ƙara hatsarin sankarar mama shi ne yawan shekaru, da shan giya, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da rashin motsa jiki. Shayarwa kuwa tana ragewa: wani babban nazari na 2002 ya sami ragin kashi 4.3 cikin ɗari ga kowace shekara guda ta shayarwa. Iyayenmu da ke kai yaro wata 18 ko fiye kafin yaye suna da wannan garkuwa, ya kamata matan boko su riƙe ta. Amma ragi ne kawai. Gwaggona ta shayar da bakwai.

Saura zancen ƙarfe. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan magana ta kafu, na ga ba wauta ce ta haife ta ba, lura ce da aka yi wa mummunar fassara. Mutane sun ga an kai mace asibiti, an soka mata allura, ko an yi mata aiki, ba ta daɗe ba ta rasu. An ga haka sau goma, sau ashirin, sai aka ce ƙarfe ne. Abin da ba a lissafa ba shi ne shekara biyun da ta yi a ɗaka, lokacin da tantanin ke tara kuskure bisa kuskure, na baƙi da na wasali, har ya koyi ƙaura. Tsoron ƙarfe ya sa a makara, makara ta sa a mutu, mutuwar kuma ta ƙara tsoron ƙarfe. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna a 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 16,000 suka mutu. A ƙasashe masu arziki fiye da 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya bi sawun mata a Owerri da Aba, ya sami 36 kawai cikin ɗari suna raye bayan shekara uku. Ƙarfen da aka yi wa matan can aiki da shi, shi ne dai irin namu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auni uku: a gano aƙalla 60 cikin ɗari tun ciwon yana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60, kuma 80 cikin ɗari su kai ƙarshen magani. Babu ɗaya cikin ukun da ke jiran sabon maganin efijenetik. Daga Dogon Daji zuwa Sakkwato tafiya ce da ba ta kai sa'a biyu ba a mota, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin 'yan tsirarun asibitocin ƙasar nan da ke da sashen gasa ƙari da haske. Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, sankarar mama tana ciki. Amma matar da ke wani ƙauye a ƙasar Kebbe, wa ya gaya mata? In ta sani ma, kuɗin mota da izinin fita ba a hannunta suke ba.

Saboda haka maganata ta fi karkata ga maza, musamman ku da kuka fara ɗaukar albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ma'aikatar lafiya. Ku ne ake tambaya a gida in ciwo ya tashi, ku ne kuma kuke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Ina ganin ya kamata kowace unguwarzoma da ma'aikaciyar lafiya a ƙasar Tambuwal da Kebbe a koya mata duba mama da hannu, ta riƙa yi wa masu zuwa awo da masu kawo yara rigakafi, a ba ta takardar turawa da za a girmama in ta isa birni. Babban asibitin da zai yanki tsoka ya ajiye fomalin, ya san inda zai aika, kada a fara ba mace magani ba a san irin ƙarinta ba. A kuma riƙa rubuta kowace mai ciwo cikin rajista, domin abin da na kawo muku na ƙasar nan daga Badun da Owerri da Aba ya fito, ina so wata rana ɗalibi ya tsaya a nan ya kawo na Sakkwato da Tambuwal. Mu da muke karatun kimiyya, wannan aikinmu ne.

Ƙungiyar ɗalibai kuma tana iya tura 'yan'uwanmu mata na sashen likitanci da na jinya, in an yi hutu, su shiga gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure, inda ni da ire-irena ba mu da ikon shiga. Abin da za su faɗa ba shi da yawa: ƙululu ko da ba ya zafi, ko kan mama ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kumburi a hamata, a je a duba cikin makon nan. Su kuma faɗa cewa mafi yawan ƙululun da ake samu a mama ba daji ba ne, domin tsoro ma yana hana zuwa.

Ni kaina da na rubuta wannan duka, hutun da ya wuce na zauna gaban mahaifiyata da niyyar in yi mata bayani, bakina ya kasa furta kalmar. Sai na je na sami yayata a gidanta, na zana mata a takarda, ita ta je ta faɗa. Da zan dawo makaranta Inna ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli, ba ta dube ni ba ta ce, "An gaya mini saƙonka. Ranar Laraba za mu je ni da 'ya'yan gwaggonka."